Bututun Ruwan Ƙungiya: Yadda Za Mu Auna Haɗarin Fashewarsa Tun Bai Fashe Ba

Darasi domin karantawa a taron ƙungiyoyin gama kai na manoma

Manufar darasi

Bayan an karanta wannan darasi a taro, ya kamata kowace ƙungiya ta iya bin bututunta daga tushe har ƙarshe, ta gane inda ya fi rauni, ta kuma san inda za ta fara kashe ɗan kuɗin da take da shi.

Gabatarwa

'Yan'uwa manoma, daminarmu ta ƙasar Sakkwato gajeruwa ce. Ruwa yakan sauka daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa sai abin da muka ɗebo daga gulbi ko daga ƙarƙashin ƙasa. Iyayenmu da jigo suka yi lambu a fadamun Rima. Daga shekarun 1980 ƙananan injinan ban ruwa suka fara yaɗuwa, sa'an nan shirin Fadama na ƙasa, wanda aka soma a 1993 da rancen Bankin Duniya, ya ƙara yawansu. Yau ƙungiyoyi da dama sun haɗa kuɗi sun haƙa rijiyar burtsatse, sun ɗora tanki, sun ja bututu zuwa lambu ko zuwa famfon unguwa.

Inji muna kula da shi, gama yana ƙara, yana kuma shan mai kullum. Bututu kuwa an binne shi an manta, sai ran da ya fashe a tuna da shi. Sau da yawa ranar takan faɗo a lokacin da albasa take ɗaura kai ko tumatir yake fure, watau lokacin da kwana kaɗan na ƙishi za su rage amfanin shekara. Amma fa bututu ba ya fashewa haka kawai. Akwai dalilai, akwai alamu, kuma manomi yana iya koyon ganinsu ko da bai yi karatun injiniya ba.

1. Tambayoyi biyu

Masu kula da manyan bututan ruwa da na mai a duniya, kome yawan na'urorinsu, tambayoyi biyu suke yi wa kowane sashe na bututu. Ta fari: yaya yiwuwar ya fashe a nan take? Ta biyu: in ya fashe a nan, wace irin ɓarna za a yi? Haɗari shi ne waɗannan biyu a haɗe. Wurin da ke yawan yoyo amma fangali biyu kaɗai yake shayarwa, haɗarinsa kaɗan ne. Wurin da bai taɓa yoyo ba amma duk ruwan ƙungiya ta nan yake bi, tilas a sa masa ido. Wurin da ya haɗa rauni da babbar ɓarna, can ne aikin farko.

2. Abubuwan da ke kashe bututu

Matsin ruwa. Ruwa yana da nauyi, yana kuma tura jikin bututu daga ciki. Ana auna wannan turi da ma'aunin da ake kira bar. In ruwan tanki yana mita 10 sama da bututu, matsin ya kai wajen bar 1. Ƙaramin inji mai bakin inci 2 ko 3 yakan ba da wajen bar 3. Bututun roba na kirki an buga lambar ƙarfinsa a jikinsa, kamar bar 6 ko bar 10. A kasuwa akwai wani bututu mai siririn jiki, mai araha, wanda aka yi domin zubar da ruwan wanka da na ɗaki. Ba a yi shi domin matsi ba. Wanda ya sa shi a bakin inji ya sayi fashewa da kuɗinsa. Kada ku sayi bututun da ba lamba a jikinsa.

Dukan ruwa. Sa'ad da ruwa yake gudu cikin bututu aka rufe bawul farat ɗaya, ruwan yakan doki bawul ɗin ya komo da ƙarfi, har a ji bututu ya yi ƙara kamar an buga shi da guduma. A wannan ɗan lokaci matsin yakan zarce na kullum nesa. Wannan yana cikin abubuwan da ke ɓalle gwiwoyi da mahaɗai. Iskar da ta maƙale a inda bututu ya hau tudu ita ma tana jawo irin wannan duka.

Rana da zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Lambar da ke jikin bututun roba an lissafta ta da ruwa mai sanyi ne, digiri 20 zuwa 25. In zafin bututun ya kai digiri 45, abin da zai iya ɗauka bai wuce kashi biyu cikin uku na lambar ba. Har wa yau hasken rana yana gasa robar, launinta ya koɗe, ta yi gautsi, jaki ya taka ta ta tsage. Zafi yana kuma miƙar da bututu, sanyi ya janye shi. Bututun roba mai tsawon mita 100, in zafi ya canza da digiri 20 tsakanin tsakar rana da asuba, tsawonsa yakan canza da wajen santimita 14, kusan rabin ƙafa. Wannan ja da saki na kullum shi ke zare mahaɗa.

Ƙasa. Lakar fadama tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana jan bututu nan da can. Dutse mai kaifi da aka bari a ƙasan rami yana cin bututu a hankali. Bututun ƙarfe kuma tsatsa ce abokiyar gabarsa, musamman a wurin zare, da inda ƙasa ba ta bushewa.

Nauyi da ƙarfen noma. Amalanken shanu ɗauke da buhunan albasa, motar ɗaukar kaya, garmar shanu, fartanya, duk suna fasa bututun da ba a binne da zurfi ba.

Ambaliya. A watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya cika ya batse bayan ruwan sama mai yawa da ruwan da ya fito daga madatsar Goronyo. Ƙauyuka da gonaki da yawa suka nutse, har gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. Ruwan da ya karya gada ba zai bar bututun inci 2 ba. Duk wanda ke da bututu a fadama ya tambayi dattawan wurin inda ruwan 2010 ya tsaya, ya ɗauki duk abin da ke ƙasa da nan a kan yana cikin haɗari.

3. Ɓarnar da fashewa take yi

Asarar ruwa da mai. Yoyon da ke cika kwalbar lita ɗaya cikin minti ɗaya, in ya kwana ya yini, ya zubar da lita 1,440, watau fiye da durom 7 masu lita 200. Kowane durom da man inji aka ɗago shi.

Asarar amfanin gona. Ku tambayi kanku: in wannan sashe ya fashe, lambunan mutum nawa za su rasa ruwa, kwana nawa kuma za a yi kafin a samo kayan gyara daga cikin gari?

Cuta. Wannan ita ce ɓarna mafi girma, ita ce kuma ba a gani da ido. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Muddin akwai matsi cikin bututu, ruwa waje yake fita ta wurin tsagar. Amma da zarar an kashe inji, ko an ɗauke ruwan famfo, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi. In ta cikin kwata ya bi, ko kusa da masai, ruwan ƙazanta zai shiga, a wayi gari an tura shi cikin tulunan mutane. A cikin birnin Sakkwato, inda ƙananan bututai da yawa suke ratsa kwatoci, wannan abin lura ne ƙwarai. A shekarar 2021 cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta bazu a Nijeriya. Mutane fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin jihohin da abin ya taɓa. Ruwan sha da ya gauraya da bayan gida shi ne babbar hanyar wannan cuta. Saboda haka duk bututun da mutane ke sha daga gare shi, ɓarnarsa babba ce ko da ƙanƙane ne.

4. Yadda za a yi awon

Ku zaɓi mutum uku: wanda ke tada inji, magatakarda, da ɗaya daga cikin matan da ke ɗiban ruwa, gama su ne suka fi sanin ran da ruwa ya rage ƙarfi ko ya canza launi. In wanda ya haƙa ramin bututun yana nan, a tafi da shi.

Mataki na fari, a zana taswira a littafin ƙungiya. A nuna rijiya, inji, tanki, kowace gwiwa, kowane bawul, da inda bututu ya ratsa hanya, kwata ko kwazazzabo. A rubuta irin bututun, faɗinsa, da shekarar da aka sa shi.

Mataki na biyu, a bi layin da ƙafa da sassafe, inji yana aiki. A duba inda ƙasa ta jiƙe, inda ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani, inda ƙasa ta lotsa, inda bututu ya fito fili. A kara kunne a jikin bawul, gama yoyo yana da sauti.

Mataki na uku, a gwada. Da yamma a cika tanki, a rufe dukan kawunan famfo amma a bar bawul ɗin tanki a buɗe, a sa alama da alli a inda ruwa ya tsaya. Da asuba a duba. In tankin lita 5,000 ne, ya kuma sauka da kashi ɗaya cikin goma, kun san lita 500 ta tafi cikin dare ɗaya. In babu tanki, a lissafta mintin da durom yake ɗauka ya cika a ƙarshen layi, a rubuta, a maimaita kowane wata. In lokacin yana ƙaruwa alhali inji lafiya lau, ruwa yana ɓacewa a hanya.

Mataki na huɗu, a raba layin sashe sashe, a ba kowane sashe maki biyu. Makin yiwuwa: 1 in bututun mai lamba ne, yana binne da kyau, bai taɓa yoyo ba, 2 in akwai dalili ɗaya na damuwa, 3 in ya taɓa fashewa, ko yana fili, ko nauyi yana bi ta kansa. Makin ɓarna: 1 in mutum kaɗan abin zai shafa, gyaran kuma mai sauƙi ne, 2 in wajen rabin ƙungiya ne, 3 in kowa zai rasa ruwa ko kuwa ruwan sha zai ƙazantu. Sa'an nan a ninka makin biyu.

5. Misali

A ce wata ƙungiya a bakin fadama tana da rijiyar burtsatse da bututu mai tsawon mita 400. Ga yadda awonta zai iya fitowa.

Sashe A: daga inji zuwa gwiwar farko, mita 20. Nan matsi ya fi yawa, gwiwar kuma ba a tokare ta ba, amma ba ta taɓa ɓallewa ba. Yiwuwa 2, ɓarna 3. Maki 6.

Sashe B: ƙarƙashin hanyar amalanke, mita 10, zurfinsa taƙi ɗaya kawai. Yiwuwa 3, ɓarna 3. Maki 9.

Sashe C: babban layi, mita 250, binne da zurfi cikin rairayi. Yiwuwa 1, ɓarna 3. Maki 3.

Sashe D: reshe zuwa lambunan mutum biyu na can ƙarshe, mita 70, yana kwance a rana, yana yoyo. Yiwuwa 3, ɓarna 1. Maki 3.

Sashe E: reshe zuwa famfon sha, mita 50, ya ratsa kwata, akwai mahaɗa daidai wurin. Yiwuwa 2, ɓarna 3. Maki 6.

Ku lura da abin da lissafin ya nuna. Sashe D shi ne kowa yake gani, a kansa ake ƙorafi a kowane taro, da ba a yi awo ba can kuɗin zai tafi. Amma Sashe B, mita 10 kacal wanda ba mai ganinsa, shi ne zai iya tsayar da ƙungiyar duka rana ɗaya. Dokar ita ce: mai maki 9 a gyara shi cikin makon nan, mai maki 6 a gyara kafin dashe, mai maki 4 ko ƙasa da haka a sa masa ido, a gyara in kuɗi ya samu. Masu lambunan Sashe D kuwa a bayyana musu dalili a gaban taro, a kuma faɗa musu lokacin da za a zo kansu, domin kada su ga kamar an ware su.

6. Rage yiwuwar fashewa

A binne bututun roba da zurfin santimita 60 a gona, wajen ƙafa 2, yadda garma ba za ta kai gare shi ba. A ƙarƙashin hanya a kai mita 1, a kuma zura shi cikin wani bututun ƙarfe ko na siminti mai faɗi.

A tsince duwatsu daga ramin, a shimfiɗa rairayi a ƙasa da bisa bututun kafin a mayar da ƙasa. Kada a ja shi ya miƙe tsaf. A bar shi ya ɗan yi lanƙwasa hagu da dama domin ya sami wurin motsi. A rufe ramin da safe, sa'ad da bututun bai yi zafi ba.

A bayan kowace gwiwa a zuba ɗan kankare ya tokare ta da bangon ramin.

Inda tilas bututu ya fito fili, a yi amfani da na ƙarfe, ko a shafa wa na roba farin fenti, ko a rufe shi da ƙasa.

A koya wa kowa, har yara, a buɗe bawul a hankali, a rufe a hankali. Mai inji kada ya tada shi alhali dukan bawuloli suna rufe. Bayan an daɗe ba a yi aiki ba, a buɗe ƙarshen layi iska ta fita tukuna.

Bututun ruwan sha kada ya kwanta cikin kwata. In tilas ya ratsa ta, ya bi ta sama, da sanda guda wadda ba mahaɗa a tsakiyarta, a cikin bututun kariya.

A kafa duwatsu masu fenti a kan layin, domin mai haƙa ko mai huɗa ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Kada a dasa itace a kan layi.

Kafin gulbi ya kawo, a kwashe inji da tiyo da duk bututun da ke fili zuwa tudu, a toshe bakin wanda ke binne domin kada laka ta cika shi.

7. Rage ɓarna in ya fashe

Kome kulawa, wata rana sai wani wuri ya fashe. Abin da ya rage shi ne a yi shiri. A sa bawul a bakin kowane reshe, domin a iya rufe wanda ya lalace saura su ci gaba da sha. A ajiye sandar bututu ɗaya ta kowane faɗi, da mahaɗai huɗu, da gwiwa biyu, da zarto, da gam sabo, da tsohon tiyub na ɗaurin gaggawa. Gam yana bushewa cikin gwangwani, sai a duba shi kowace kaka. Mutum biyu a ƙalla su koyi haɗa bututu, kada ƙungiya ta rataya ga mutum ɗaya.

A buɗe asusun gyara dabam da kuɗin mai. Kowane mamba ya ba da nasa a lokacin da ya sayar da amfani, gama a tsakiyar rani ba wanda ke da kuɗi a hannu. Ma'aji ya karanta abin da ke ciki a kowane taro.

Ran da ya fashe, a kashe inji, a rufe bawul, a tona har a ga iyakar tsagar, a yanke zuwa inda bututu ke da lafiya. A goge bakin ya bushe, a shafa gam, a haɗa. A bi lokacin jira da aka rubuta a gwangwani. In da hali a bar shi ya kwana kafin a sa masa matsi. Sa'an nan a saki ruwa ya wanke layin har ya fito garau. In layin sha ne, a sanar da gida gida su tafasa ruwa ko su sa maganin kulorin na 'yan kwanaki. Magatakarda ya rubuta rana da wuri da dalili. Sashen da ya fashe sau uku cikin shekara ɗaya ya wuce faci, sai a canza shi.

In babban bututun gari ne ya fashe a unguwarku, ku kai rahoto ga Hukumar Ruwa ta Jihar Sakkwato, ku kuma sanar da mai unguwa. Kada kowa ya huda bututun gwamnati ya ja ruwa a ɓoye, ko ya ɗaura masa inji kai tsaye, gama zuƙar injin tana jawo ƙazanta cikin ruwan maƙwabta.

8. Gargaɗi a kan bututun mai

Wasu cikinmu suna noma ko ƙodago a Zamfara da Kaduna, inda aka shimfiɗa bututun mai daga matatar Kaduna, ta Zariya, zuwa daffon Gusau. A 2020 kuma aka soma aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. A irin waɗannan, makin ɓarna ya wuce duk lissafinmu. Ran 18 ga Oktoba 1998, a garin Jesse na Jihar Delta, jama'a suka taru suna kwasar fetur daga bututun da ya fashe, wuta ta tashi, mutane fiye da 1,000 suka mutu. In kun ga alamun layin mai, kada ku yi haƙa ko ƙona sheƙa a kansa. In kun ji wari ko kun ga mai yana tsattsafowa, ku nisanta, ku kori yara da dabbobi, kada a tada babur ko a kunna ashana, a gaya wa hukuma nan da nan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wa ya san hanyar da bututunmu ya bi daga farko har ƙarshe? In ba ya nan, wa zai nuna?
2. A ina ya taɓa fashewa, mene ne kuma sanadin?
3. Wane sashe ne in ya fashe kowa zai rasa ruwa?
4. Akwai inda ruwan shanmu ya kusanci kwata ko masai?
5. Nawa ke cikin asusun gyara yau, zai kuwa isa sayen sanda biyu da gam?

Aikin yi kafin taro na gaba

Shugaba ya naɗa mutum ukun nan yau. Su zana taswira, su bi layin, su yi gwajin tanki, su kawo makin kowane sashe a rubuce. A maimaita wannan awo sau biyu a shekara: a watan Oktoba bayan ruwa ya janye, kafin dashen albasa, da kuma watan Mayu kafin damina ta faɗi. In malamin gona ya zo zagaye, ku nuna masa littafin, ku bi layin tare da shi.